Farfaɗiya Da Binciken Ƴan Gida: Darasi Daga Kwalejojin Ƴan Asalin Amurka

Daga wakilinmu a Maraɗi

Wata ranar kasuwa a bakin iyaka, wajen ƙarfe 11 na safe, ina tsaye da rakoda a hannu ina jiran wani dillalin wake da ya yi mini alkawarin hira, sai wani yaro mai tura baro ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhuna. Jikinsa ya sandare, daga nan ya shiga jijjiga, kumfa na fita ta bakinsa. Nan da nan jama'a suka yi da'ira, amma kowa na ja da baya. Wani yana cewa kada a bari yawunsa ya taɓa kowa, wani ya aika a nemo cokali a tura masa a baki. Wani dattijo mai sayar da tabarmi ne ya ratsa mutane, ya tura rawaninsa ƙarƙashin kan yaron, ya juya shi a gefe, ya zauna yana jira. Ba a yi minti uku ba abin ya lafa.

Da yamma na tambayi ubangidan yaron ko sau nawa hakan ke faruwa. Ya ce shi dai sau biyu ya gani da idonsa, abin da ke faruwa da dare kuwa a rumfar da yaron ke kwana, babu wanda ya sani, har shi kansa yaron. Washegari aka sallame shi daga aiki.

Wannan tambaya ta “sau nawa” ita ce masana ke ta fama da ita a duniya, domin da amsarta ne likita ke sanin ko magani na aiki, ko kuwa sai an ƙara ko an sauya. Neman amsar ya haifar da wani fannin bincike na ƙera na'urorin da ke gane faɗuwar mai farfaɗiya. A wannan mako za mu leƙa Amurka, wajen ƴan asalin ƙasar da Turawa suka iske, mu ga yadda suka gina makarantun da ke koyon bincike da kansu, da dalilin da ya sa wannan fanni ya dace da irin waɗannan ƙananan makarantu.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A cewar hukumar, har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa gaba ɗaya idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. To sai dai a ƙasashe matalauta, uku cikin kowane huɗu ba sa samun wannan magani. Shi ya sa a watan Mayu na 2022 babban taron hukumar ya amince da wani shiri na shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda zai kai 2031.

Ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo ne ta wata ƴar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Idan dubbansu suka harba wutar a lokaci guda ba bisa tsari ba, sai mutum ya fita hayyacinsa. A yankinmu abubuwan da suka fi barin wannan tabo su ne zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da wahalar haihuwa, da buguwar kai a haɗarin mota ko kabu-kabu. Ba a ɗaukarsa ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Su wane ne Nabaho?

Gwamnatin Amurka ta amince da ƙabilun ƴan asali sama da 570, kowace da hukumarta. Daga cikin mafi girma akwai Nabaho, waɗanda ke kiran kansu Diné, ma'ana “mutane”. Yawansu ya kai kimanin 400,000, ƙasarsu kuma ta kai murabba'in kilomita wajen 71,000 a jihohin Arizona da Niyu Meziko da Yuta, wato ta fi jihar Maraɗi faɗi nesa ba kusa ba. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, ta makiyaya tumaki, gidaje warwatse, asibiti da nisa. Duk da arzikin Amurka, har yanzu akwai gidaje da yawa a can da babu famfo.

Su ma suna da tasu fassarar farfaɗiya. Wani littafi da Jerrold Levy da abokan aikinsa biyu suka fitar a 1987 ya bayyana cewa a al'adar Nabaho ana danganta babbar faɗuwa da ƙwaron nan faɗa-wuta, ana kuma ganin sakamako ne na keta wata babbar haramcin zumunta. Ke nan iyalin da ke da mai ciwon suna da dalilin ɓoye shi, kamar yadda a nan ake ɓoye budurwa mai farfaɗiya don kada ta rasa miji. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda ya bi takardun asibitocin yankin daga 1998 zuwa 2002, ya nuna ciwon ya fi yawa a tsakaninsu fiye da yadda aka saba gani a sauran Amurkawa.

A 1968 Nabaho suka kafa kwaleji tasu ta kansu, wadda ita ce ta farko da wata ƙabilar ƴan asali ta mallaka take kuma gudanarwa. A 1997 aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Diné. Wasu ƙabilu suka bi sahu, a 1973 suka haɗa ƙungiya guda, a 1978 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar ba su tallafi, a 1994 kuma aka sa su cikin jerin makarantun da ke samun kuɗin binciken noma. Yau irin waɗannan kwalejoji sun haura 30. Yawancinsu ƙanana ne, malamai kaɗan, aji da yawa, kuɗi na hawa da sauka. An kafa su ne don koyarwa, shi ya sa bincike ya zo musu daga baya, kuma a hankali.

Wanda maciji ya sara

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za su bar manyan jami'o'i su yi musu binciken ba? Amsar tana cikin abin da ya sami wata ƙaramar ƙabila mai suna Habasufai, da ke zaune cikin wani kwari mai zurfi a Arizona. Daga 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka ɗebi jinin mutanen, su kuwa sun ba da shi ne da fahimtar cewa ciwon sukari za a bincika. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali, da auren zumunci, da asalin inda kakanninsu suka fito. Suka kai ƙara a 2004. A 2010 aka sasanta, aka biya mutum 41 dalar Amurka 700,000, wato sama da sefa miliyan 300 a canjin wancan lokaci, aka kuma mayar musu da sauran jinin.

Nabaho ba su jira hakan ta same su ba. Tun 1996 suka kafa kwamitinsu na tantance duk wani bincike da za a yi a kan ɗan Adam a ƙasarsu. Ko daga wace jami'a mutum ya fito, sai ya zo gaban kwamitin ya faɗi abin da zai yi, da amfanin da jama'a za su samu, kuma sai an ga sakamakon kafin ya buga. A 2002 suka dakatar da binciken ƙwayoyin gado gaba ɗaya.

Idan mai karatu bai manta ba, mu ma muna da namu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa ambato.

Abin lura shi ne ƴan asalin Amurka ba su tsaya ga rufe ƙofa ba. A 2000 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, tare da hukumar kula da lafiyar ƴan asali, suka fito da wani shiri mai suna NARCH. A wannan shiri ƙabila ko ƙungiyarta ce ake ba kuɗin binciken, ita kuma ta zaɓi jami'ar da za ta yi aiki da ita. Duk ɗan kasuwa ya san bambancin mai riƙe da jaka da ɗan rakiya. Ta irin wannan haɗin gwiwa da Jami'ar Arewacin Arizona ne Kwalejin Diné ta ƙarfafa karatun lafiyar al'umma har zuwa digiri, tana kuma da shirin lokacin hutu inda ɗalibai ke koyon dabarun bincike, su je su gwada a asibitoci da ma'aikatun yankinsu. Ita kuwa Jami'ar Fasaha ta Nabaho da ke Niyu Meziko tana koyar da injiniyan lantarki.

Yadda na'ura ke gane faɗuwa

Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ne ya fara auna wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924, ya buga sakamakon a 1929. Awon da ake kira EEG ke nan: a manna ƙananan wayoyi wajen 20 a fatar kai, na'ura ta riƙa zana layuka masu hawa da sauka. Matsalarsa ita ce awon asibiti minti 20 zuwa 30 ne kawai, ciwon kuwa ba ya yin alƙawari. Kusan rabin masu farfaɗiya awonsu na farko lafiya lau yake fitowa. Dogaro da bakin majiyyaci ma bai isa ba, domin binciken da aka yi a asibiti da kyamara ya nuna kusan rabin faɗuwar ba sa sanin ta faru, musamman ta cikin barci. Ta daren ce kuma mai haɗari. A kowace shekara kusan mutum ɗaya cikin manya 1,000 masu farfaɗiya na mutuwar farat ɗaya, galibi a kan shimfiɗa, ba kowa kusa.

Saboda haka aka koma ga abin da mutum zai ɗaura a jiki. A watan Janairun 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani agogon hannu mai suna Embrace, na kamfanin Empatica, wanda Farfesa Rosalind Picard ta jami'ar MIT na cikin waɗanda suka kafa shi. Agogon na auna motsin hannu da kuma sauyin da zufa ke kawowa a fata. Idan alamun suka yi kama da babbar faɗuwa, sai ya aika saƙo ta salula zuwa ga ɗan'uwa ko mai jinya. A Holan akwai wani da ake ɗaurawa a dantse da dare, mai auna bugun zuciya da motsi.

Da ma'auni biyu ake gwada irin wannan na'ura, kamar yadda ake gwada mai gadin kasuwa. Na farko, ɓarayi nawa ya kama cikin waɗanda suka shigo? Na biyu, sau nawa ya tada unguwa da ihu alhali kyanwa ce ta wuce? Na'urar da ke ƙarar ƙarya kowane dare, mako guda ya isa uwa ta cire ta ta jefa a akwati. Bugu da ƙari, waɗannan agogo sun fi gane faɗuwa mai jijjiga. Wadda mutum zai ƙura ido kawai na ƴan daƙiƙu takan wuce su.

Me ya sa ya dace da ƙaramar makaranta?

Dalili na farko shi ne arha. Wasu fannonin bincike sai da ɗakin gwaji na miliyoyi, wannan kuwa ana iya fara shi da kwamfuta da intanet. Tun 2010 asibitin yara na Boston da jami'ar MIT suka saki awon ƙwaƙwalwar majiyyata sama da 20, yawancinsu yara, mai ɗauke da faɗuwa kusan 200, kyauta ga duk mai so, bayan an cire sunaye. Jami'ar Temple da ke Filadalfiya ta saki dubbai. A 2014 aka yi gasa ta intanet kan hasashen faɗuwa, ɗaruruwan ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban suka shiga. Ɗalibi zai yanka awon gunduwa-gunduwa na ƴan daƙiƙu, ya nuna wa kwamfuta wanda likita ya ce faɗuwa ce da wanda ba ita ba, har ta koyi bambancewa, sannan ya gwada ta da awon da ba ta taɓa gani ba.

Dalili na biyu, abin da ɗalibin ya koya ba ya tsayawa kan farfaɗiya. Ya koyi lissafin ƙididdiga, da rubuta manhaja, da neman izinin kwamitin ɗa'a, da kare sirrin majiyyaci, da rubuta rahoto. Gobe da waɗannan zai binciki ruwan rijiya ko ciwon sukari. Malaminsa kuma ya sami takardar da ya buga, wadda da ita ake neman kuɗin bincike na gaba.

Dalili na uku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2020 wani bincike a Amurka ya nuna ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini ta fi yin kuskure ga baƙar fata, kusan ninki uku. A Jami'ar Carnegie Mellon kuma, wata ɗaliba baƙar fata, Arnelle Etienne, ta lura wayoyin EEG ba sa zama da kyau a kan gashi irin namu. Sai ta haɗa aikin da kitso: a yi wa mutum shi a jere, a maƙala wayoyin a tsakanin layuka inda fata ta fito. Kusan shekara ɗari ana awon nan kafin a sami wadda ta san kitso a ɗakin gwaji. Haka nan, wa zai tambayi ko agogon zai iya bambanta jijjiga da dakan hatsi, ko tafiya kan babur a hanya mai gargada, ko kuma me zai yi a ƙauyen da babu layin salula? Wanda ya tashi a irin wannan wuri ne zai fara tunanin hakan, ko Banabahe ne ko Bagobiri.

A namu gefen

Ba a ce ba a fara komai ba. Wani bincike da Dakta Musa Watila ya jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya bi gida-gida a wurare uku na Najeriya da tambayoyin da aka fassara zuwa harsunan gida. Gwandu ta jihar Kabi ce ta fi yawan masu ciwon, wajen mutum 18 cikin 1,000. A Kano, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi wani shiri mai suna BRIDGE, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci su gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, da tambayoyi cikin Hausa. A Konakiri ta ƙasar Gini an gwada awon ƙwaƙwalwar yara da wata hula mai haɗe da salula, ana aika sakamakon ga likitocin waje su karanta, aka buga rahoton a 2019.

Mu ma a nan mun ga bincike na gaske. A Madarumfa aka gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, sakamakon ya fito a 2017, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ban da ta Abdu Mumuni a Yamai, ga kuma na Katsina da Sakkwato a tsallake. Abin da ya rage mu koya daga Nabaho shi ne tsari: kwamitin gida mai ikon cewa a'a, da kuɗi a hannun makarantar gida, da ɗaliban gida a cikin aikin tun daga farko har sunansu ya fito a rahoto.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Agogo ba ya warkar da kowa, faɗakarwa kawai yake yi. Kafin ya iso kasuwanninmu, magani ne a gaba. Fenobarbital, wanda ake amfani da shi tun 1912, yana cikin mafi arha, amma sai likita ya rubuta, a sha kullum, kuma kada a tsayar da shi farat ɗaya don an ga sauƙi, domin hakan na jawo faɗuwa mai tsanani. Masu sayar da magani su sani cewa wani bincike da aka buga a 2018 a Gabon da Kenya da Madagaska ya sami kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan farfaɗiya ba su cika inganci ba, kuma rashin kyan ajiya na cikin dalilan. Kwalin da ya wuni a rana bisa tebur ba ɗaya yake da wanda ya fito daga famasi ba.

Idan wani ya faɗi a gabanka, kawar da abin da zai ji masa rauni, musamman wuta da ƙarfe, ka sa abu mai taushi a ƙarƙashin kansa, ka juya shi a gefe. Kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ba shi ruwa sai ya farfaɗo sarai. A duba agogo. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farka ba, ko mace ce mai ciki, a garzaya asibiti. A gida kuma a sami ɗan littafi, a riƙa rubuta rana da lokaci da tsawon kowace faɗuwa, a tafi da shi wajen likita.

Ranar da masu bincike suka zo garinku da takarda da allura, ku tarbe su, amma ku tambaya kamar yadda kuke tambayar baƙon da ya zo da haja. Wane kwamiti ne ya ba su izini? Me za a yi da jinin ko bayanan, kuma ina za a ajiye su? Wanda ya ƙi shiga zai ci gaba da samun magani? Akwai ɗaliban jami'armu a cikin tawagar? Yaushe za a dawo a faɗa mana sakamako da Hausa?

Shi kuwa yaron mai baro, na sake ganinsa bayan watanni a wata tasha yana lodin albasa. Wani ɗan'uwansa ya kai shi asibiti, yana shan ƙwaya ɗaya kowane dare. Sabon ubangidansa bai san yana da ciwon ba, kuma ya roƙe ni kada in faɗa.